Yadda na rabu da jarabar zaƙi kafin ciwon suga ya kama ni

Ni tela ne, shagona na nan wajen Ƙofar Ƙaura cikin garin Katsina, kuma duk wanda ya san harkar ɗinki ya san yadda muke rayuwa, zama ne bisa keke tun safe har dare, in sallah ta matso kuwa har kwana ake haɗawa. Abin da ke riƙe mu a wannan zaman bai wuce shayi da lemo ba. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani da suga cokali uku ko huɗu a haɗa da burodi, wajen sha ɗaya in rana ta fara zafi a aiki yaro ya sawo lemon kwalba mai sanyi, da rana shinkafa ko taliya, la'asar kunun zaƙi ko fura da aka zambaɗa ma suga, dare kuma a sake komawa teburin mai shayi. Shekaru na yi a haka, kuma kusan kowa a layinmu haka yake yi.

Abin ya fara ne da wani irin barci mai nauyi da ke danne ni da zarar na gama cin abincin rana, kaina ya yi dum, in kasa ko daidaita wuyan riga. Bayan awa biyu zuwa uku kuma sai labari ya canza, hannu ya kama rawa har zura zare a allura ya gagare ni, zufa ta keto mani, gabana na faɗuwa, ga wata muguwar yunwa ga saurin fushi, yaran shago su yi ɗan kuskure kaɗan in hau su da faɗa. Da na kora lemo sai in ji garau kamar ba ni ba. To wannan garau ɗin shi ya riƙe ni shekaru, don a ganina sugan nan shi ne maganina.

Wani kwastomana ma'aikacin lafiya ne ya lura, ya zo karɓar ɗinki ya tarar ina wannan rawar hannun, ya tsaya ya yi mani tambayoyi, har ya ce in juya ya ga bayan wuyana. Akwai wani baƙi-baƙi mai kauri da ya fito mani a wurin wanda na daɗe ina gurzawa da soso ba ya fita. Ya ce Malam wannan ba dauɗa ba ce, sau da yawa alama ce ta jiki ya fara daina jin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, gobe kada ka ci komai kada ka sha komai in ba ruwa ba, ka je a gwada ka. Ya tambaye ni ko akwai mai ciwon suga a gidanmu, na ce kawuna, wanda ƙaramin miki a yatsa ya kai har aka yanke mashi ƙafa. Walla daren nan tunanin kawu ne ya hana ni barci.

Gwajin safe ya nuna 113. Likitan da na gani, Allah ya saka mashi da alheri, bai sallame ni a tsaitsaye ba, ya jawo takarda ya rubuta mani lambobin. Wanda ya kwana bai ci komai ba in suganshi na ƙasa da 100 lafiya lau, daga 100 zuwa 125 ya shiga matakin gargaɗi, ba mai ciwon suga ba ne tukuna amma hanyar ya ɗauka, 126 zuwa sama kuma in an maimaita an sake samun haka to ciwon ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, a nan 5.6 da 7.0 ne iyakokin, shi ya sa za ka ji wani ya ce suganshi 6 wani ya ce 110 alhali kusan abu ɗaya suke faɗa. Sannan ya sa aka yi mani wani gwajin mai suna HbA1c wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi kuma 5.7 zuwa 6.4 ne matakin gargaɗi, nawa ya nuna 6.1. Kafin a yi sai da ya tambayi jinsin jinina, don ya ce masu sikila da wasu masu matsalar jini wannan gwajin na iya ba da lambar da ba daidai ba, kuma mu a nan ba ƙaramin yawa gare su ba.

Bayanin da ya fi shiga kaina shi ne na rawar hannun. Ya ce in ka sha zaƙi mai ruwa, ko ka ci farin burodi da farar shinkafa tsura, sugan na afkawa cikin jini da gudu, sai wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna fankiriyas ta saki insulin mai yawa don a kwashe shi a kai ma tsoka da hanta. Ga wasu mutane insulin ɗin kan yi yawa ya kuma zo a makare, sai sugan ya faɗo da sauri, nan ne jiki ke rawa yana neman wani zaƙin. Kamar lilo, iya yadda ka cilla shi sama iya yadda zai dawo. Ni kuma duk lokacin da ya dawo sai in ƙara cilla shi da kwalbar lemo. Jin wannan ya sauke mani wani nauyi a zuciya, don na gane akwai dalili a jikin, kuma abin da ke da dalili ana iya bin shi a gyara.

Bai ba ni magani ba a lokacin, ya ce mu gwada abinci da motsa jiki na wata uku mu gani. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, kan mutane irina masu matakin gargaɗi. Waɗanda aka sa su rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma riƙa tafiya minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga mai suna metformin kuma kashi 31. Na riƙe wannan lissafin sosai, minti 150 ai rabin awa ne sau biyar a sati.

Da abin sha na fara gyaran. Wannan kwastoman nawa ya koya mani karanta bayan kwalba, ka duba giram nawa na suga aka rubuta, ka raba da huɗu, shi ne yawan ƙaramin cokalin shayi. Yawancin lemon kwalba na da wajen giram 10 a kowace mililita 100, wato kwalba mai rabin lita ta kai cokali 12 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce babba kada ya wuce wajen giram 50 a yini, in ma ya tsaya a 25 ya fi, cokali shida kenan. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya, ba a zo maganar shayi ba. Na ji cewa gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemo a dokar kuɗi ta 2021, ni dai a ganina wannan bai hana kowa sha ba a layinmu, da za a tsaya a koya ma mutane wannan rabawa da huɗun da ya fi amfani.

Farkon abin ya yi wuya, ba zan ɓoye ba. Ciwon kai, kasala, baki ya yi salam, ƙarfe sha ɗaya na yi jikina ke tuna mani da lemo ko ban kalli agogo ba. Lemon kam na yanke shi gaba ɗaya, shayi kuma na riƙa rage cokalin sannu a hankali har na koma shan shi da citta da kanumfari kawai. Abin da ya cece ni a wannan tsakanin shi ne canza karin kumallo. Na bar burodi na koma ƙosai ko alale ko dafaffen ƙwai, wani lokacin ɗanwake da kabeji da tumatir, kuma na ajiye gyaɗa a aljihun keke saboda in yunwar nan ta taso. Ashe in ka karya da abin da ke zama a ciki, rawar sha ɗayan nan ba ta ma zuwa. Bayan 'yan makonni harshena ya canza, har gwaiba da kankana suka fara yi mani zaƙi sosai.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne gida. Mu ba kowa ke da tukunyarshi ba, abin da aka dafa shi kowa zai ci, kuma ba adalci ba ne ka ce mace ta riƙa ɗora girki biyu da wannan tsadar gawayi da gas. Ranar komawa asibiti sai na tafi da uwargida ta ji da kunnenta, kuma ina ganin wannan ne abu mafi amfani da na yi a duk tafiyar. Ita ce ta yi ma ma'aikaciyar da ke koyar da harkar abinci tambayoyin da ni ba za su zo mani ba, yaya za a yi da tuwo, yaya za a yi da kunun yara, mai nawa za a sa a miya. Aka nuna mata yadda ake raba faranti, rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko nama ko awara, kwata kuma tuwo ko shinkafa. Tana dawowa ta ce maigida ai ba wani sabon abinci ba ne, namu ne na da, juya shi kawai za a yi, miya ta yi yawa tuwo ya yi kaɗan. Daga nan gidanmu ya koma kwaɗon zogale, kwaɗon rama, tafasa da ƙuli, miyar kuka da kuɓewa da ayayo, shinkafa kuma ba a dafa ta sai da wake mai yawa. Ta rage surfen gero da dawa don dusar nan ita ke sa abinci ya narke a hankali. Malmala biyu da nake ci ta koma ɗaya, kuma sai na fara cinye ganyen kafin in taɓa tuwon, wannan ma koya mana aka yi, yana rage saurin hawan sugan.

Akwai maganar da nake son 'yan uwana su ji da kyau, don ta yaɗu ƙwarai a garin nan. Da an ce mutum na da suga sai kowa ya ce ya koma acca da tuwon alkama, sai ka ga bawan Allah ya cika kwano da su yana ci ba iyaka da sunan magani. Acca abinci ne mai kyau, alkama ma haka, amma su ma hatsi ne, suga suke komawa a jiki, yawan da ka ci shi ne magana. Haka zuma da mazarƙwaila da dabino. Zuma na da darajarta a addininmu ba mai ja, amma wanda ya cire suga cokali huɗu ya zuba zuma cokali huɗu a shayi bai rage ma jininshi komai ba. Masu yawo da lasifika a kasuwa suna cewa jarka ɗaya za ta raba ka da suga har abada kuwa, su ne suka fi ba ni takaici, don na san mutanen da suka ajiye maganin asibiti saboda irin wannan alkawarin, sai da ido ya fara dishi-dishi suka koma.

Sai kuma kara, wadda ita ce ban taɓa jin wani ya yi maganarta a asibiti ba. Ka je gaida surukai a kawo maka lemo mai sanyi an sawo musamman saboda kai, ka je suna ko ɗaurin aure a miƙo maka cincin da alkaki da dubulan, yaya za ka yi ka ce a'a? Da farko ɓoye-ɓoye nake, in ce na ƙoshi ko cikina ba daɗi, sai na ga abin na neman jawo zargi. Sai kawai na fara faɗin gaskiya, in ce Baba likita ya ce sugana ya fara hawa, a taimaka mani da ruwa. Abin mamaki ba wanda ya taɓa jin haushi, sai ma ka ji an ce ai ni ma an faɗa mani haka, ko ai Hajiya ma na fama. Mahaifiyata ce kawai ta ɗan tada hankali da ta ga tumbina ya faɗa, ta kira ni ɗaki ta ce kai ɗan nan ko wani abu ke damunka ne kake ɓoye mani. Kun san yadda muke, mai ƙiba shi ne mai jin daɗi, wanda ya rame kuwa ko bashi ko ciwo. Na ce Inna ki tuna da kawu, gudun abin da ya same shi nake. Ta yi shiru, ta sa mani albarka, yanzu in na je fura take dama mani da nono zalla ba suga.

'Yan majalisarmu ma sun taka rawa. Da na faɗa masu, mutum biyu suka je suka gwada, ɗaya ya tarar nashi ya ma fi nawa. Muka yanke shawarar in an idar da asuba ba mai komawa barci, mu zaga da ƙafa da ɗan sauri kafin rana ta fito, wataran mu miƙa har wajen filin wasa na Karkanda mu dawo. Ranar da sanyin hunturu ya sa ka ji ba ka iyawa, sai ka ji ana buga maka ƙofa, kunya kaɗai ta isa ta fito da kai. Mai shayinmu tun yana tsokana har ya saba, yana hango mu zai ce na 'yan gargaɗi ne, ya haɗa ba suga, ya soya ƙwai da albasa da yawa. Bayan abincin rana kuma na ɗora ma kaina taka ƙafa na minti goma zuwa sha biyar, da kaina nake zuwa sayen zare da maɓalli maimakon in aiki yaro, don tsoka in tana aiki tana zuƙe suga daga jini, kuma tunda na fara wannan barcin ranar nan ya ɗauke.

A layin asibiti na haɗu da waɗanda suka riga ni, masu ciwon na gaske, wasu har allura suke yi ma kansu. Suna da wani zaure a WhatsApp suka sa ni ciki, akwai nas a ciki da ke gyara magana in wani ya turo abin da ba daidai ba. A nan na koyi abubuwan da ba a samun lokacin faɗa a ɗakin likita, inda ake samun tsinken gwaji da sauƙi, yadda ake haɗa zoɓo da citta da kokwamba da ɓawon abarba ya yi daɗi ba suga, dalilin da ya sa cin lemon zaƙi da ɓargonshi ya fi matse ruwanshi a kofi. Wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya Babba, shekara da shekaru tana tare da ciwon kuma idonta da ƙafarta lafiya lau, in wani ya rubuto cewa ya sha lemo a biki ya karaya, ba ta faɗa, cewa take ɗana wuce wurin, abincin gaba za ka gyara. Wannan kalmar ta riƙe mutane da yawa, har da ni.

Azumi shi ne babban gwajin. Kun san buɗa bakinmu, kunu mai suga, lemo, soyayyen dankali da doya, duk a lokaci ɗaya kan cikin da ya yini ba komai. Na koma dabino ɗaya ko biyu da ruwa, in yi magariba, sannan in ci kwaɗo da ƙosai ko alale da kunun tsamiya marar suga, tuwo kaɗan sai bayan tarawihi. Sahur kuma wake ko tuwon dawa da miya mai yawa ko fura da nono, sai ga shi ƙishirwa da jirin la'asar sun ragu sosai. Limaminmu ya taɓa karanto hadisin nan na raba ciki uku, kaso ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, na ji shi da wani sabon kunne a wannan shekarar. Amma fa ni ba na shan magani, wanda ke kan ƙwaya ko allura lallai ya ga likitanshi kafin azumi, don suganshi na iya faɗuwa har ya suma.

Da yake tef ne abin aikina, da shi na riƙa bin kaina maimakon sikeli. An koya mana cewa kitsen tumbi shi ya fi alaƙa da wannan matsalar, kuma awon cikinka daidai wajen cibiya bai kamata ya kai rabin tsawonka ba, namiji in ya haura inci 37 ya fara lura. Nawa 41 ne da na fara. Littafin awo na shago na nan tun shekaru, in na buɗe sai in ga yadda kwastoma ɗaya ke ƙara inci kusan duk sallah, samari ma ba tsofaffi ba. Yanzu in na auna wanda muka saba na ga ya yi nisa, nakan ce yallaɓai ka ɗan leƙa a duba maka suga da hawan jini, gwajin ba shi da tsada kuma ɗigon jini ne kawai. Wasu su yi dariya, wasu kuma sun dawo sun yi godiya.

Da aka sake gwaji bayan wata ukun, na safe ya sauko 101, wanda ya biyo baya kuma 94, HbA1c ya koma 5.6, cikina inci 36. Rawar hannu ta tafi, baƙin wuyan ma ya yi haske, yaran shago da kansu suka ce oga ya daina faɗa. Alhamdulillah. Likita ya ce in ci gaba da zuwa gwaji ko sau ɗaya a shekara, don wanda ya taɓa shiga matakin nan yana iya komawa in ya saki jiki, balle mai gado irina.

Abin da ya rage mani yanzu shi ne kwanan shago na ɗinkin sallah, don na lura duk daren da ban yi barci ba washegari kwaɗayin zaƙi ke dawo mani da ƙarfi, kuma a zauren namu nas ɗin ta tabbatar cewa rashin barci na ƙara yunwa ya kuma sa jiki ya rage jin insulin. Bana na yanke cewa goma ga azumi zan rufe karɓar ɗinki, abin da ya zo bayan nan in tura ma ƙanena da ke da shago a Sabuwar Unguwa, shi ma na sa ya je an gwada shi, sati mai zuwa zai karɓo sakamakon in sha Allah.